Yadda Ake Gane Mai Kiwon Karnuka Na Gaskiya Kafin A Sayi Ɗan Kwikwiyo

Babu mummunan ɗan kwikwiyo. Wanda aka haifa a ɗaki mai tsabta da wanda aka haifa a keji cikin kashi, in ka ajiye su gabanka suna sati bakwai, duk kyau za su yi maka. Da zarar ka ɗaga shi ya lashi yatsanka ya cusa kai a hammatarka, to hankalinka ya tafi hutu, sauran cinikin zuciya ce za ta ƙarasa. Miyagun masu sayar da karnuka sun san haka, shi ya sa burinsu kullum kwikwiyon ya shiga hannunka tun kafin ka buɗe baki ka yi tambaya. Saboda haka tsarin da zan bi a nan mai sauƙi ne: ka fara bincikar mutumin, sannan takardu, sannan uwar, kwikwiyon kuwa shi ne na ƙarshe da za ka taɓa.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. Kwikwiyona na farko a talla na gan shi. Mai shi ya ce kada in wahalar da kaina da tafiya, shi zai kawo mini. Muka haɗu a wurin ajiye motoci, ya buɗe bayan mota ya miƙo mini kwali. Na tambayi uwar, ya ce tana gida, ba ta son baƙi. Kwana na huɗu amai ya fara, na biyar zawo mai jini da wani irin wari da har yau ban manta ba. Likitan dabbobi ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora, ya ce wannan bai wuce sati biyar ba, alhali an ce mini takwas. Ya juya katin rigakafin da aka ba ni, babu sa hannu, babu hatimi, babu lambar magani. Cutar farbo ce, wata muguwar cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Kwana tara ya yi a hannuna. Lambar wayar mutumin kuwa tun a kwana na uku ta daina shiga.

Mataki na farko: ka san irin karen da kake nema, da ciwon da ke bin jininsa

Kafin ka nemi kowa, ka tsayar da irin da kake so, kuma ka tsayar da shi bisa rayuwarka: girman wurin da zai zauna, awa nawa za ka iya ba shi a rana, ko akwai yara, ko gadi kake so ko abokin zama. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 15 a raye, manyan iri sun fi gajeren kwana, ƙanana sun fi daɗewa. Wannan ɓangaren kowa na iya yi.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne sanin ciwon gado. Kowane iri yana da nasa, domin an samar da irin ne ta hanyar haɗa karnuka masu kama da juna tsawon zamani, kyau da aibi suka taho tare. Jaman Shefad, Labrado da Rotwaila suna fama da lalacewar gaɓar kwatangwalo da ta gwiwar ƙafar gaba. Dobaman yana da ciwon zuciyar da ke sa ta faɗaɗa ta yi rauni, da matsalar rashin daskarewar jini. Dalmeshiyan kurumta ke binsa. Koli da danginsa wasu na ɗauke da wani gado da ke sa maganin tsutsa irin su aibamektin ya zame musu guba idan aka ba su da yawa. Masu taɓaɓɓen hanci kamar Buldog da Fug numfashi ne matsalarsu, har barci suke da minshari, zafi kuma na iya kashe su. Kabaliya kuwa ciwon zuciya da na ƙoƙon kai sun yi masa katutu, har kotun ƙoli ta ƙasar Norway ta yanke hukunci a 2023 cewa ci gaba da kiwon irin ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi.

Ka rubuta ciwo biyu ko uku na irin da ka zaɓa a takarda. Da su za ka auna mai kiwon. In ka ambaci ciwon kwatangwalo ga mai kiwon Rotwaila ya ce maka "ai nawa ba sa yin wannan", ba tare da ya nuna komai ba, ka riga ka san da wa kake magana.

Mataki na biyu: inda ake samo sunaye

Fara da likitan dabbobi. Shi ne yake ganin ƙarshen labari: ya san gidan da 'ya'yansa ke zuwa da ƙoshin lafiya, ya san wanda duk wata sai an kawo masa gawa daga can. Ba lallai ya zagi kowa a gabanka ba, amma in ka ce "wa za ka tura ƙaninka wurinsa?" zai faɗi suna. Bayansa sai masu koyar da karnuka, da ƙungiyoyin masu kiwon irin da kake so, da wuraren gasar nuna karnuka. In ka ga babban kare mai lafiya da natsuwa a hannun wani, ka yi sallama ka tambayi inda ya samo shi. Kare mai shekara biyar ya fi kowace talla faɗin gaskiya a kan gidan da ya fito.

Talla a intanet ba laifi ba ce, amma ka karanta ta da idon mai bin bashi. Mutum ɗaya yana tallar iri biyar ko shida a lokaci guda, wannan dillali ne ko mai gonar kwikwiyo, wato wurin da ake tara karnuka suna ta haihuwa don kuɗi kawai. Kullum yana da kaya a ƙasa, ko yaushe ka kira "akwai", wannan ma alama ce, domin cikin karya kwana 63 ne a ƙiyasi, kuma galibi sau biyu kacal take neman namiji a shekara. Mai karya biyu ko uku ba zai taɓa kasancewa da 'ya'ya kowane wata ba. Kwafi lambar wayar ka saka a Google ka ga tallace-tallace nawa za su fito. Ka yi haka da hoton ma, sau da yawa za ka tarar an sato shi ne daga shafin wani a wata ƙasa.

Ka yi hattara da kalmomin zuga irin su "launin da ba a samu" ko "ɗan mitsitsi na musamman". Akwai wani launi mai dabbare-dabbare da ake kira merle. In aka haɗa uwa da uba duk masu shi, kowane kwikwiyo yana da damar kashi 25 cikin 100 ta gado shi ta ɓangare biyu, kuma irin waɗannan sukan fito makafi ko kurame ko duka biyun. Wanda ya sa launi gaba da lafiya, launi zai sayar maka.

Mataki na uku: wayar farko

Ka kira, kada ka tsaya a saƙon rubutu. Ka fara da cewa, "Malam, ina kira ne kan kwikwiyon da ka tallata," ka yi shiru. In ya ce "wanne daga ciki?" ka gane kaya sun yi yawa. Sannan ka jero naka: shekarar uwar nawa? Haihuwarta ta nawa ke nan? Yaushe ta yi ta baya? Wane ne uban, kuma me ya sa aka zaɓe shi? Wane gwajin lafiya aka yi musu? Zan iya zuwa in gan su tare da uwar? In na kasa riƙe shi bayan shekara uku, za ka karɓa?

Don ka sami ma'auni, Kennel Club ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, ba ta yi wa 'ya'ya rajista idan uwar ta riga ta haihu sau huɗu, ko ta kai shekara takwas, ko an yi mata barbara ba ta cika shekara ɗaya ba, ko an taɓa yi mata tiyatar haihuwa sau biyu. Ba ta kuma karɓar haɗin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. Wannan ƙaramin mizani ne ma, masu kiwo da yawa sun fi shi tsanani, musamman a manyan iri inda suke jira karya ta kai shekara biyu. Wanda ya kasa ko wannan, ba sai an je gidansa ba.

Tambayar uban tana tona asiri ƙwarai. Mai kiwo na gaskiya zai ce maka wani abu kamar, "Tawa tana da ɗan tsoron ƙara, sai na nemo namiji mai sanyin rai, ga sakamakon kwatangwalonsa." Wanda ba ruwansa zai ce, "Na maƙwabcina ne, ƙato ne sosai."

Amma babbar alama ita ce shi ma ya titsiye ka. Zai tambaye ka ko gidanka na da katanga, wa ke gida da rana, ko ka taɓa riƙon kare, me ya sami na bayan. Wasu kan ji haushin wannan, su ce da kuɗina kuma sai an yi mini tambayoyi kamar mai neman aiki. Ni kuwa in ba a tambaye ni komai ba sai "yaushe za ka turo kuɗin?", a nan nake ajiye waya. Mutumin da ya kwana bakwai ba barci yana juya 'ya'yan karya ba zai miƙa su ga wanda bai sani ba. Kuma kada ka yi mamaki in ya ce sai ka jira wata shida ko fiye. Jiran alama ce mai kyau.

Mataki na huɗu: takardu, kuma a nan ne ake yawan cin mutane

Takarda iri biyu ce, kuma mutane na rikita su. Akwai takardar asali, wadda ke nuna sunan uwa da uba da kakanni, da rajistar wata ƙungiya kamar Kennel Club, ko AKC ta Amurka da aka kafa a 1884, ko ƙungiyoyin ƙasashe da ke ƙarƙashin FCI, haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya mai hedikwata a Beljiyam. Wannan takarda tana faɗin ɗan wane ne kawai. Ba ta ce lafiyarsa ƙalau ba, ba ta ce an rene shi da kyau ba. Gonakin kwikwiyo ma suna da karnuka masu rajista.

Ta biyu ita ce takardar gwajin lafiyar iyaye, kuma ita ce mai nauyi. "Likita ya duba su" ba gwaji ba ne; duba na yau da kullum ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi ko cikin jini. Ga abin da za ka nema.

Na kwatangwalo: ana ɗaukar hoton ƙashi a aika wa kwamitin ƙwararru su ba da maki. A tsarin Ingila kowane ɓangare daga 0 zuwa 53 ne, jimla 0 zuwa 106, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau. Kare sai ya cika shekara ɗaya ake yi masa. Ka kwatanta makin da matsakaicin na irinsa, ka kuma duba ko ɓangarorin biyu sun yi kusa da juna. A tsarin FCI haruffa ne daga A zuwa E, A ce mafi kyau. A Amurka hukumar OFA, wadda ta fara aiki a 1966, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya kai wata 24, kuma tana da rumbun bayanai a intanet da kowa zai iya shiga ya nemi sunan kare ko lambarsa. Gwiwar gaba kuwa daga 0 zuwa 3 ake aunawa, 0 ake so.

Na ido: wannan ba sau ɗaya ake yi a ajiye ba, domin wasu cututtukan sai da shekaru suke bayyana. Ka duba kwanan wata. In ta wuce shekara, ta tsufa.

Na ƙwayar gado: ana goga auduga a kumatu ko a ɗebi jini. Sakamakon kan zo kashi uku: wanda ba ya da ƙwayar gadon ciwon, mai ɗauke da ita ba tare da ciwo ba, da mai ciwon. A yawancin waɗannan cututtuka sai kwikwiyo ya gada daga uwa da uba duka sannan ya kamu. In aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane ɗa na da damar ɗaya cikin huɗu ta kamuwa. In ɗaya mai ɗauka ne ɗayan kuma ba ya da ita, babu ɗan da zai yi ciwon. Saboda haka kada ganin kalmar "mai ɗauka" ya firgita ka; abin tambaya shi ne da wa aka haɗa shi.

Ka nemi a turo maka hoton takardun tun kafin ka je. Ka duba suna da lambar ƙwayar shaida (wata 'yar na'ura da ake saka wa kare a ƙarƙashin fata) da ke kan takardar, in ka isa ka tabbatar karyar da aka nuna maka ce mai su. Sannan ka bi takardar asalin da yatsa: in suna ɗaya na maimaituwa a ɓangaren uwa da na uba kusa-kusa, jini ya yi kusa. Haɗin uba da 'ya na ba da kusancin jini kashi 25 cikin 100, na 'yan uba kashi 12.5, na 'ya'yan wa da ƙani kashi 6.25. Gwargwadon hauhawar wannan lamba, gwargwadon yadda ɓoyayyun cututtuka ke samun hanyar fitowa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: gwaji ba garanti ba ne. Iyaye masu kwatangwalo mai kyau na iya haifar mai matsala, domin ƙiba da yawan tsalle a ƙuruciya ma suna taka rawa. Gwaji rage haɗari yake yi, kuma yana nuna maka mutumin ya kashe kuɗinsa don ya sani.

Mataki na biyar: ka je da ƙafarka, ka ga uwar

Gani ya kori ji. Ba a tasha ba, ba a bakin hanya ba, ba a wurin ajiye motoci ba. A inda aka haife su kuma ake renonsu. Wannan magana ta yi ƙarfin da Ingila ta mai da ita doka: daga 6 ga Afrilu 2020 an haramta wa dillalai da shagunan dabbobi sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mutum ya saya kai tsaye daga wanda ya kiwata ko ya karɓa daga gidan ceton dabbobi. Ana kiranta dokar Lucy, sunan wata karya da aka ceto daga gonar kwikwiyo a Wales. Ko da babu irin wannan doka a inda kake, ka kafa wa kanka ita.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyarar farko shi ne suna sati huɗu zuwa shida, sun fara wasa amma lokacin barin gida bai yi ba, don haka ba za ka iya ɗaukowa cikin zumuɗi ba. Ka tafi da wani wanda ba shi ne mai son karen ba, mai sanyin kai, wanda zai ja rigarka. In mai gidan ya ce ka cire takalmi ko ka wanke hannu, ko ya tambaye ka ko ka biya ta wani gidan karnuka yau, ka ji daɗi. Ƙwayar farbo tana bin tafin takalmi, tana kuma iya zama a ƙasa watanni da yawa da ranta.

Hancinka zai fara ba ka labari kafin idonka. Wurin 'yan kwikwiyo ba ya rasa ɗan wari, amma zarnin da ke sa hawaye daban ne. Akasin haka ma abin lura ne: ɗaki fes, babu kwanon ruwa, babu shimfiɗar da aka tattauna, babu ko tabo, kamar yanzu aka kawo su aka ajiye. Akwai masu hayar gida don kawai su nuna kaya. Ka kasa kunne ko za ka ji haushin karnuka da yawa daga wani rufaffen wuri da ba a kai ka ba, ka ce kana son gani.

Sai uwar. Ka zauna ka ba ta lokaci. Karya mai shayarwa za ta ɗan rame, gashinta na iya zuba, nonuwanta sun saki sun yi ja-ja. Wannan ba komai. Abin dubawa shi ne ko tasu ce. Uwa ta gaskiya 'ya'yan za su rufe ta suna neman nono, ita kuma ta shinshina su, ta lashe su, in sun dame ta ta ture su ta tashi. Karyar aro kuwa za ka ga cikinta a ɗame, ba alamar shayarwa, tana kauce musu, su ma ba su kula ta ba. "Ta fita yawo", "tana asibiti", "tana cizo": duk wanda ka ji daga cikin waɗannan, ka ce za ka dawo ranar da take nan. Na ƙarshen ma ya fi muni in gaskiya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwa ta ɗan yi maka kallon tuhuma da farko daidai ne, 'ya'yanta take karewa, amma in minti goma sun wuce tana maƙure a lungu tana rawar jiki, ko tana gurnani ba ta sauka ba, ka sani 'ya'yan sun sha wannan a jini, suna kuma koyonsa a ido. Uban ba lallai ya kasance a gidan ba, sau da yawa na wani ne. Hotonsa da takardunsa da lambar mai shi sun isa.

Ka lura da yadda karnukan ke yi da mai gidan kansa. In ya miƙa hannu suka rugo, ka ga amsa. In suka sunkuyar da kai suka ja baya, ita ma amsa ce.

Ka tambaye shi me 'ya'yan suka saba da shi. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka jagoranta a Bar Harbor ta jihar Maine a Amurka, wanda suka fitar da sakamakonsa a 1965, ya nuna cewa daga sati uku zuwa wajen sati 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi a duniya, kuma wanda bai san hannun mutum ba har ya kai sati 14 da wuya ya saki jiki da mutane. Fiye da rabin wannan lokaci a gidan mai kiwo yake wucewa. Wanda ya tashi yana jin ƙarar kwanuka da rediyo da muryar yara, ana ɗaukarsa kullum, ya taka ƙasa da siminti da ciyawa, ya yi wa na keji nisa, kuma wannan tazara ba a cike ta da horo cikin sauƙi.

In ka tarar da wuri mummuna, zuciyarka za ta ce ka saya don ka cece shi. Kada ka yi. Kuɗinka ne zai sa a sake yi wa uwar barbara, gurbin da ka bari kuma wani zai cike shi kafin wata ya ƙare. Ka fita ka kai rahoto ga hukumar da ke kula da dabbobi ko ƙungiyar kare haƙƙinsu.

Mataki na shida: yanzu ka taɓa kwikwiyon

Ka fara kallonsu gaba ɗaya daga tsaye. Ka tafa hannu sau ɗaya a hankali: su ɗan razana su dawo suna leƙe, shi ake so. Wanda ya zauna can gefe shi kaɗai yana ba da tausayi, amma ko dai ba shi da lafiya ko matsoraci ne, kuma sabon mai kare ba zai iya da shi ba. Wanda ya fara hayewa kanka yana cizon igiyar takalmi shi ma ba lallai shi ne naka ba. Mai kiwon ya yi makonni yana kallonsu, kai awa guda ka yi. In ya ce wancan ya fi dacewa da gidanka, ka saurare shi.

Sannan ka ɗaga shi. Ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, kunne ba wari ba baƙin datti. Ɗaga leɓe: dasashi ya zama ja-ja mai haske, in ya yi fari akwai ƙarancin jini, galibi daga tsutsa ko kaska ko ƙuma. Shafa gashin ta baya ka duba fata, ko akwai ɓawo ko wurin da gashi ya zube. Ciki ya zama a cike amma da laushi. Ƙaton tumbi da haƙarƙari a waje aikin tsutsa ne. Taɓa cibiya ka ji ko ta taso. Ɗaga wutsiya, in gashin wurin ya manne da kashi akwai zawo. Ajiye shi ka ga tafiyarsa.

Haƙora su ne takardar haihuwar da ba a iya jabunta. Na nono sukan fara tsirowa wajen sati uku, su cika 28 tsakanin sati shida da takwas. In an ce maka sati takwas ne amma bakin rabi dasashi ne, an ƙara masa kwana. Kada ka karɓi kwikwiyo kafin sati takwas ko da ya daina shan nono, domin a makonnin nan ne uwa da 'yan'uwa ke koya masa iyakar cizo: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Ƙananan iri ma masu kiwo da yawa kan riƙe su har sati 10 ko 12.

Mataki na bakwai: katin rigakafi da yarjejeniya

Maganin tsutsa akan fara shi suna sati biyu, a maimaita duk bayan sati biyu har su kai takwas. Ka nemi sunan maganin da ranakun. Allurar farko ta farbo da distemfa (wata cutar karnuka mai yaɗuwa) tsakanin sati shida da takwas ake yi, a riƙa maimaitawa duk sati biyu zuwa huɗu har ta ƙarshe ta faɗo a sati 16 ko bayansa. Dalili shi ne kariyar da ya sha a daƙashin uwarsa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba a san ranar da za ta ƙare ba. Ta haukan kare kuwa sai ya kai sati 12. Saboda haka wanda ya ce maka ɗan sati takwas "an gama masa allurai duka" ko dai bai sani ba ko ƙarya yake. A kan katin ka nemi 'yar takardar da ake ɓarowa daga jikin kwalbar magani a manna, mai lamba da ranar lalacewa, da sa hannun likita da hatiminsa. Ka kira asibitin ka tabbatar. In an saka masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, lambarta 15 ce a jere. A karanta ta da na'ura a gabanka, a kuma mai da rajistar zuwa sunanka.

Komai ya shiga rubuce. Yarjejeniyar ta ƙunshi ranar haihuwa, sunayen iyaye, lambar shaida, kwana nawa aka ba ka ka kai shi wurin likitanka, da abin da zai faru in an sami ciwo: mayar da kuɗi ne ko biyan magani. Ka karanta sharaɗin ciwon gado da kyau. Garantin da ya ƙare a wata shida ba ya da amfani ga ciwon da ba ya bayyana sai a shekara biyu. Ka nemi layin da ya ce zai karɓi karen a kowane lokaci in ka kasa. Kafin alƙalami kuwa bayan ka gani da ido ake ba da shi, da rasit, da bayanin ko ana mayarwa. Wanda ya ce ka turo kuɗi yanzu don wani na hanya zai zo ya ɗauka, bar wa wanin. In nisa ya hana ka zuwa da wuri, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna uwa da 'ya'ya tare, ka ce ya ɗaga wancan mai farin ƙafa. Ɗan damfara ba zai iya ba. Sananniyar dabararsu ce bayan kuɗin farko su ɓullo da kuɗin akwatin jirgi, sai na inshora, sai na wata takarda, kare kuwa babu shi tun asali.

Kafin ka sa hannu, ka roƙi ya haɗa ka da mutum biyu da suka karɓi 'ya'ya daga haihuwar baya. Ka tambaye su abu ɗaya: da matsala ta taso, ya ɗaga waya?

Ranar ɗauka

Ka je da safe don ya sami yini guda ya saba da gida kafin dare. Ka karɓo ɗan abincin da yake ci da jadawalin cinsa, ka ci gaba da shi aƙalla mako guda, in za ka sauya ka riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan, domin sauyin gaggawa na kawo zawo. Ka roƙi tsumman da uwar ta kwanta a kai, warinsa zai rage kukan daren farko. Kada ka sauke shi a ƙasa a hanya, kada kuma ya taka inda karnukan waje ke kashi har sai allurai sun cika. Cikin kwana biyu ko uku ka kai shi wurin likitan da kai ka zaɓa, ba na mai kiwon ba, da katin da yarjejeniyar a hannu, a saurari zuciyarsa, a duba kashinsa, a sa ranar allura ta gaba. Farbo kan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna kanta, wani lokaci fiye, don haka a makonni biyun farko in ya ƙi abinci, ya yi lamo, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, kada ka jira gari ya waye: ka kira likita, sannan ka kira mai kiwon ya duba sauran 'yan'uwansa.